Haƙƙin Injin Lambu a Kan Mai Shi: Lacca ga Manoman Bakin Nilu da Makanikansu a Umdurman

 

 Ina gaishe da manoman lambu da suka bar aikinsu suka zo daga Tuti da Shambat da Halfaya da Jiref da gefen Farin Nilu, ina kuma gaishe da makanikai da yaransu masu koyon sana'a, waɗanda rabin maganar yau tasu ce. Abin da aka nemi in yi bayani a kansa shi ne kula da ƙananan injunan fetur da muke aikin lambu da su, wato injin ban ruwa, da injin feshi wanda ake goyawa a baya, da na yankan ciyawa, da zarton inji. Mai yiwuwa wani ya ga kamar al'amarin bai kai a tara malamai dominsa ba. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci fiƙihu ya san cewa magabata ba su ƙyamaci yin babi guda a kan rijiya ba, ko a kan dabbar haya, ko a kan abin aro, domin sun fahimci cewa dukiya amana ce a hannun bawa, kuma tozarta ta yana cikin almubazzarancin da Alƙur'ani mai girma ya yi hani da shi a Suratul Isra'i. Injin da mutum ya sayar da amfanin gonarsa na shekara ya saya, wanda abincin iyalinsa ya rataya a kan tashinsa kowace safiya, ya fi cancantar a yi masa babi.

Ɗaga ruwa daga kogi zuwa tudu tsohuwar wahala ce a ƙasar nan, domin ruwan saman da ke sauka a Khartum a shekara bai kai milimita 200 ba, wanda kuwa bai ɗebo daga Nilu ko daga rijiya ba, ba shi da lambu. Kusan shekara 2,000 ke nan, tun zamanin daular Marawi, mutanen arewacin Sudan suke amfani da saƙiya, wato babbar ƙafar katako mai jere da tuluna wadda shanu ke juyawa, ban da jigo wanda muka sani tun daga fadamun Kano da Sakkwato. Malaman Musulunci ma ba su bar fannin nan ba, don kuwa a shekarar 1206 Al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir, ya kammala littafinsa na dabarun injuna, ya kuma siffanta na'urorin ɗaga ruwa a ciki, har da famfo mai zuƙo ruwa da fistin. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji suka yada zango a nan, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa gari kusa da Sinnar, duk saƙiya suka tarar a bakin kogi. A gaban idonsu aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, inda guminsu ya zuba ba kaɗan ba. A gaban idon 'ya'yansu kuma manyan injunan gas irin na Lister, waɗanda ake kira babur a nan, suka kori saƙiya daga gaɓa. Ƙaramin injin fetur wanda mutum biyu ke ɗauka ya zo daga baya, kamar yadda ya shiga fadamun Nijeriya ta Arewa daga shekarun 1980 ya sa aka jingine jigo.

To, a nan ne nake son mu tsaya mu yi tunani. Mai saƙiya ba ya bukatar wani ya yi masa lacca a kan kula da sansa, domin sa yana da rai: idan ya ji yunwa ya yi kuka, idan ƙishirwa ta kama shi ya ƙi tafiya, idan karkiya ta goge masa wuya mai shi ya ga miki da idonsa, sai tausayi da tsoron hasara su haɗu su tilasta masa ya ba shi ci da sha da hutu a kan lokaci. Inji kuwa ya gaji aikin sa, amma bai gaji bakinsa ba. Yana iya yin wata uku yana cin kansa daga ciki, yana ba da ruwa kamar lafiya lau, ranar da zai nuna ciwonsa kuwa ita ce ranar da zai tsaya, sau da yawa a tsakiyar zafi, lokacin da jirjir da lalo da tumatir ba sa jure kwana biyu babu ruwa. Saboda haka abin da tausayi yake yi wa dabba, dole ilimi da ƙa'ida su yi wa inji. Ni dai ra'ayina, bayan abin da na gani a shagunan gyara na unguwar masana'antu ta Umdurman da ta Bahri, shi ne yawancin injunan da ake kaiwa can ba aiki ne ya kashe su ba. Ƙananan wajibai ne aka bari, waɗanda kowannensu bai fi minti goma ba.

Kafin mu shiga waɗannan wajibai, ya kamata kowa ya san irin injin da ke hannunsa, domin iri biyu ne, hukuncinsu kuma ya bambanta. Akwai mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, shi ne mai ɗakin baƙin mai daban da tankin fetur daban, kuma kusan duk injunan ban ruwa irin na Honda da Robin da 'yan kwaikwayonsu na ƙasar Sin haka suke. Akwai kuma mai bugu biyu, wanda ba shi da ɗakin baƙin mai ko kaɗan, sai an gauraya masa mai a cikin fetur, shi ne ake samu a yawancin injunan feshi da na yankan ciyawa da zarto. Dukansu biyu numfashi suke yi: su zuƙi iska, kafireta ta cakuɗa ta da fetur, fistin ya matse, fulogi ya ba da wuta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawan iskar, domin kafin inji ya ƙone lita 1 ta fetur sai ya haɗiye iska kimanin lita 9,000.

Ku riƙe wannan adadi, sannan ku tuna a wane gari muke. Mu ne mutanen habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa tsakanin watan Mayu da Satumba, ta tsaya kamar bango ta rufe gari uku, wato Khartum da Umdurman da Bahri, har mutum ba ya ganin gadar da ke gabansa. Ko babu habub ma, iskar arewa ta lokacin sanyi ba ta rabuwa da rairayi mai laushi. Wannan ƙura garin dutse ce, kuma ƙwayarta ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta sami hanya ta shiga, sai ta haɗu da baƙin man da ke jikin silinda ta zama abin wasa ƙarfe, fistin kuwa yana hawa yana sauka sau 60 a kowace daƙiƙa ta agogo idan inji yana juyi 3,600 a minti, don haka cikin 'yan makonni sai zobban fistin su cinye, inji ya fara shan mai, ya fara shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, mai shi ya ce ai kayan zamani ba su da ƙarko. Babu abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin inji sai 'yar matatar iska, soso ko takarda, wadda kuɗinta bai kai na kwandon tumatir ba.

Littafin da ke zuwa da injin Honda na lambu ya ce a tsabtace matatar iska bayan kowace awa 50 ta aiki, amma ya ƙara da cewa a yawaita a wuri mai ƙura, mu kuwa duk ƙasarmu wuri mai ƙura ce. Shawarata ita ce a buɗe ta a duba kowace safiya, bayan habub kuwa kada a ja igiya sai an tsabtace ta. Idan ta soso ce, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai a inuwa, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta, a matse da hannu har sai ta daina ɗiga, domin wannan ɗan maiƙon shi ne ke kama ƙurar da ta fi ƙanƙanta. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a kuma goga mata buroshi. A bubbuga ta a hankali ƙurar ta zube, idan ta yi baƙi ko ta huje a sake wata. Kafin a mayar, a goge cikin akwatin da tsumma mai ɗanshi, a kuma lura robar bakin ta zauna daidai, don ƙura ba ta bukatar babbar ƙofa. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon 'ya'yanmu masu koyon gyara su bari, Allah ya yi muku albarka: idan inji ya shaƙe yana baƙin hayaƙi, sai a cire matatar a jefar, inji ya washe, mai shi ya tafi yana godiya. Wannan yaudara ce ko da ba a yi nufinta ba, domin an sayar masa da jin daɗin yini guda da ran injinsa.

Sai baƙin mai, wanda shi ne wajibi na biyu. Injin ban ruwa irin wanda muka fi amfani da shi, mai inci 2 ko inci 3, ba ya ɗaukar fiye da kimanin lita 0.6 na baƙin mai, ba shi kuma da matatar mai irin ta mota, saboda haka duk dattin da ya shiga yana nan yana zagayawa har ranar juyewa. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, domin a lokacin ne ƙarafa ke gogar juna suna zubar da gari, daga nan kuma kowace awa 100 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Manomin da ke ban ruwa awa 5 kullum ya cika awa 100 cikin kwana 20. Ku duba fa, kwana ashirin, alhali da yawa cikinmu sai daga shuka zuwa shuka suke tuna juye. A watan Mayu da Yuni, lokacin da zafin Khartum ke haura digiri 40 kusan kullum, mai yana tsinkewa ya ƙone da wuri, don haka ni ina ganin awa 50 ta fi zama rigakafi, tare da zaɓen mai mai ɗan kauri wanda littafin injin ya yarda da shi domin ƙasashen zafi. A juye tun inji yana da ɗumi don dattin ya biyo, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri kafin a auna, a cika zuwa bakin ramin kada a zarce. Man da aka juye daga mota ko daga babur ba ya halatta ga ƙaramin inji ko da an tace shi da ƙyalle. Shi kuma wanda aka juye, kada a zubar a gaɓar kogi ko kusa da rijiya, domin mu ne za mu sha, dabbobinmu su sha, mu kuma yi alwala da shi.

Wasu injunan suna da wata na'ura da ke kashe su da kanta idan mai ya yi ƙasa. Na sha ganin an cire wayarta saboda wai tana damun mutane da kashe inji, alhali sau da yawa laifin na karkataccen wurin da aka girke injin ne a gangaren gaɓa. Gyara wurin da 'yan duwatsu ko katako ya fi sauƙi a kan sayen sabon ƙarfen juyi.

Game da zafi, waɗannan injuna ba su da lagireto; iska ce ke sanyaya su, fanka tana hura ta ta tsakanin haƙarƙarin da ke jikin silinda. Idan ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawar barsim da laka suka toshe haƙarƙarin nan, inji yana dahuwa ne a tsaye. A riƙa share su da ɗan tsinke ko buroshi, a yi wa inji 'yar rumfa ta zana mai buɗaɗɗen gefe, kada a lulluɓe shi da buhu yana aiki, kada kuma a kwara masa ruwa yana da zafi da nufin taimako, domin kan silinda na iya tsagewa ko ya karkace. Idan an gama aiki a rage masa wuta ya yi minti biyu ko uku kafin a kashe. Akwai kuma abin da makanikai ke kira gwamna, wanda ke hana inji wuce juyin da aka ƙayyade masa. Masu ɗaure shi da waya don ruwa ya ƙaru suna samun ƙarin da bai taka kara ya karya ba, su biya da fetur da kuma rabin kwanan inji.

Yanzu sai fetur, kuma a nan halin da muke ciki ya sa maganar ta yi nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, matatar mai ta Jaili ta lalace, fetur ya zama abin da ake saye a jarka da kwalba daga hannu zuwa hannu, wanda ya sa manomi ba ya sanin abin da aka zuba masa, ko da ruwa a ciki, ko tsatsa, ko kananzir. Ramin da fetur ke bi a cikin kafireta bai kai faɗin milimita 1 ba, ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe shi. Saboda haka a tace kowane fetur da ƙyalle mai laushi kafin ya shiga tanki, a bar jarka ta zauna ta natsu don ruwa ya kwanta a ƙasa, kada a tsiyaye ta har gindi, a kuma riƙa kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin fetur a zubar da abin da ya taru. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne fetur yana tsufa. A zafi irin namu, sashensa mai saurin kama wuta yana tashi ya bar sauran, bayan wata guda ko biyu ya fara zama danƙo mai wari, ya liƙe ramukan kafireta. Shi ya sa injin da aka ajiye yana lafiya yakan ƙi tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kada kuma a zuba fetur inji yana aiki ko salansa tana da zafi, kada a tayar da shi cikin ɗaki ko cikin ramin rijiya, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda ke sa mutum barci ya wuce ba tare da ya farga ba.

Masu inji mai bugu biyu su saurara da kyau. Tun da ba shi da wani abin da ke sanyaya gogayyar ƙarafansa sai man da ke cikin fetur, kuskuren awo sau ɗaya yana iya gama da shi, musamman zarto wanda juyinsa ke haura 10,000 a minti. Injunan kamfanoni irin Stihl da Husqvarna suna son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko 100 a lita 5. Tsofaffi da wasu na ƙasar Sin suna son 1 cikin 25, wato mililita 40 a lita. A duba abin da aka rubuta a murfin tanki, a auna da sirinji, a gauraya a jarka daban a girgiza, a yi amfani da man da aka yi musamman domin mai bugu biyu. Awon ido shi ne musiba: idan ya gaza fistin ya kama, idan ya zarce gawayi ya toshe salansa da fulogi.

Fulogi kansa mai ba da labari ne ga wanda ya iya karatunsa. Idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, inji yana cikin lafiya; idan baƙi ne busasshe, fetur ya fi iska yawa, a fara tuhumar matatar iska; idan jiƙe yake da mai, zobba sun cinye; idan ya yi fari fat, inji yana zafi fiye da kima. Tazarar bakinsa a injin ban ruwa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Wajen mayarwa a fara murɗawa da yatsu kafin a sa sifana, don kan silinda na alminiyon ne, haƙoransa ba sa jure ƙarfi.

Mu koma ɓangaren famfo, inda kogi ke da tasa magana. Kowa a nan ya tsaya a Mugran ya ga yadda ruwa biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya: Farin Nilu mai natsuwa, da Shuɗin Nilu wanda ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba ɗauke da laka. Wannan laka ita ce albarkar Tuti da dukan ƙasar jaruf da ake shukawa bayan janyewar ruwa, ita ce kuma ke cinye farfelar famfo da sil ɗinsa. Kada a jefa bakin mesa ya kwanta a ƙasan kogi. A sa masa rariyarsa, a ɗaure shi cikin kwando ko a jikin jarka mai iyo, ya tsaya tsakanin sama da ƙasa. Kada a tayar da inji sai an cika cikin famfo da ruwa, domin sil ɗin nan ruwa ne ke sanyaya shi, idan ya juya a bushe ko na ɗan lokaci ne sai ya ƙone ya fara yoyo. Sannan akwai haddi wanda Allah ya sanya, babu makanikin da zai ƙetare shi: famfo ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin mesa. Idan kogi ya ja baya da rani, inji ne zai sauka ya bi shi. Idan kuwa ruwa ya ƙi hawa alhali zurfin bai kai haka ba, a nemi inda mesa ke shan iska kafin a kwance komai. Duk wanda ya sauko da inji gaɓa kuma ya tuna hawar da shi kafin cikar kogi. Mutanen Tuti ba su manta da ambaliyar 1946 da kakanninsu suka tare da hannuwansu ba, mun ga ta 1988, mun kuma ga ta Satumban 2020 da ta haura mita 17 a ma'aunin Khartum. Injin da ruwa ya shanye, kada a ja igiyarsa sai an cire fulogi an fitar da ruwan, an juye mai fiye da sau ɗaya.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon bayani. Zarto yana son man sarƙa kada ya yanke, da wasa haƙora da zagayayyen magagari, musamman ga masu saran itacen meskit mai taurin nan. Idan ya fara fitar da gari maimakon ɓarzajjen itace, ya dakushe. Injin yankan ciyawa a duba notin wuƙarsa kafin kowane aiki, a sa giris a kansa. Injin feshi a ɗauraye tankinsa sau uku nesa da kogi, kada kuma a busa bakinsa da baki idan ya toshe.

Akwai mas'alar da ta fi ƙarfe wuya, ita ce ta aro da haya da gyara, wadda ta raba 'yan'uwa da maƙwabta ba sau ɗaya ba. Inji guda yakan zagaya lambu huɗu ko biyar, kowa yana zuba fetur domin ba ya tashi sai da shi, amma babu mai duba baƙin mai domin yana tashi ko babu shi, har ranar da zai kama a hannun wanda tsautsayi ya faɗa wa, a tashi ana rantse-rantse. Littattafan mazhabarmu ta Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukan Kano da na Umdurman, sun yi magana a kan aro da lamuninsa, kuma babu saɓani cewa mai aro idan ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi masa izini, biya yana kansa. Mazhabar ta kuma shahara da ɗora lamuni a kan mai sana'ar da ya kafa kansa domin aikin jama'a, game da kayan da aka bar masa, saboda maslahar mutane. Tafsilin hukunci na malamai ne, Allah ya gafarta malam, ga su nan zaune. Abin da ni zan ƙara shi ne a toshe ƙofar husuma tun farko: mai bayarwa da mai karɓa su buɗe ma'aunin mai tare su gani, su duba matatar iska tare, a kuma rataya wa kowane inji ɗan littafi a cikin leda, a rubuta ranar juye da awannin aiki, da boko ko da ajami. Makanike kuma ya mayar wa mai inji tsohon abin da ya cire, ya faɗa masa gaskiya ko na asali ya sa ko na kwaikwayo. Shi ma mai inji ya biya ladan duba ko da ba a sauya komai ba, domin rashin biyan nan ne ke koya wa yara ƙirƙirar ciwon da babu.

Da yawa cikinku kun dawo bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025, kun tarar da lambu ya bushe, wanda Allah ya tsare masa injinsa kuma ya same shi ya yi kusan shekara biyu a kwance. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da alheri ga waɗanda aka washe. Kafin komai, duk baƙon ƙarfen da aka gani a cikin lambu ko a bakin ruwa, kada a taɓa, kada a bar yaro ya matsa kusa, a sanar da hukuma, domin ragowar harsasai da bama-bamai ba su san an daina faɗa ba. Shi kuwa injin, kada ɗoki ya sa a ja igiya. A zubar da tsohon fetur, a leƙa tanki ko ya yi tsatsa. A kwance kofin kafireta a wanke ramukan da sabon fetur da iska, ba da waya ba, don waya tana faɗaɗa rami ta ɓata awo. A cire fulogi a zuba cokali guda na baƙin mai a cikin silinda, a bar shi ya kwana, sannan a ja igiya a hankali a ji ko fistin yana motsi. A duba salansa da akwatin iska, domin zanzaro yakan yi gini a ciki, ɓera kuma yakan ci soso da waya. Duk roba da ta bushe ta tsage, ta fetur ce ko ta ruwa, a sake ta. A juya farfela da hannu a tabbata sil bai liƙe ba, a zuba sabon mai, a tayar, a bar shi ya yi aiki marar nauyi na awa guda ko biyu, a sake juye man nan tun da ɗuminsa.

Wanda kuma zai ajiye inji fiye da wata guda, ko don tafiya ko don cikar kogi, ya rufe makunnin fetur ya bar shi ya ci abin da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa, ya tsiyaye tanki, ya kwance notin ƙasan famfo ruwan da laka su fita, ya ja igiya a hankali har ya ji ta yi tauri, alamar bawul biyu sun rufe ke nan ƙura ba za ta shiga ba, sannan ya ɗora shi a kan katako ya rufe da ƙyalle mai shan iska.

A nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne, kuma na ga an kawo inji biyu a bakin ƙofa, za mu kwance ɗaya tare da yaran makanikai bayan sallar la'asar in Allah ya yarda.